Mangwaro a Gonar Aro

Shekarar da aikin dam ɗin Bakolori ya kankama, Talata Mafara ta cika ta batse. Duk mai zaure ya share shi, ya sa masa ƙyaure, ya kira shi ɗakin haya, har masu turken awaki suka fara yi wa awakin wani irin kallo. Yunana mai walda, mutumin ƙasar Zuru, yana cikin waɗanda aikin ya kwaso. A garejin kamfani yake yini yana liƙe bakin katafila, ya dawo ɗaki guda inda shi da matarsa Selina da 'ya'yansu mata uku suke kwana kamar an jera buhuna. Ranar da mai gidan ya ce masa ya sami direban da zai biya ninki, ko ya ƙara ko ya kwashe komatsansa, Yunana ya san sai ya nemi wani wurin zama. Ran Lahadi bayan sujada ya hau kekensa ya bi hanyar Bakura, yana tambaya ƙauye ƙauye.

A Tungar Dada ya dace, tafiyar awa guda a keke daga Mafara in ba a yi faci ba. Wani dattijo mai suna Bawa yana da kangon ƙanensa da ya rasu, ɗaki biyu da rumbu, da 'yar gona a bayansa. Mutanen tunga ba su so ba. Ga shi ma'aikacin kamfani, ga shi ba salla yake yi ba. Bawa ya ce kangonsa ne, kuma shi bai ga abin da mai 'ya'ya mata uku zai sace a Tungar Dada ba.

"Gidan, ku zamna kyauta," in ji shi ga Yunana. "Gonar kuwa aro na ba ka. In kun yi girbi ka kawo min dami guda, ba don yunwa ba, don a san aro ne."

Yunana ya durƙusa ya yi ta godiya. Tun da ya baro gida ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan.

Suka tare. Kullum da sassafe ya ɗaure kwanon abincinsa a bayan keke ya nufi Mafara, la'asar sakaliya ya dawo da ƙafafu kamar ba nasa ba, amma da murmushi. Yaran suka yi kumatu. Selina, wadda a Mafara ko wurin shanya ba ta da shi, ta sami tsakar gida da kaji, ta koyi gaisuwar mutanen wurin mai tsawon nan da sai an tambayi gajiya da gida da dabbobi kafin a zo ga magana. Abu ɗaya ya dame ta, wurin fayau yake. A gidan ubanta ba ka taka uku ba ka shiga inuwa ba. Ta yi ta yi wa Yunana naci har ya samo mata dashen mangwaro shida a gwangwanaye, ya ɗauro su a keke da hannunsa. Ta jera su a gefen gonar, ta yi musu shinge da ƙaya, rani guda tana ɗauko musu ruwa daga gulbi a ka.

Larai, yayar Bawa, tsohuwar da ta ɗauki Selina kamar 'ya, ita ta fara magana. Ta zo karɓar rariya, ta hangi ganyen, ta tsaya.

"Ke ɗiyata, mi kika dasa can?"

"Mangwaro ne, Gwaggo. In sun yi 'ya'ya ke za ki fara sha."

"Ba a dasa icce gonar aro. Gero kan tashi da damana, icce ba ya tashi. Wanda duk ya dasa icce cewa ya yi gonar tashi ce. Ki hwaɗa ma mai gidanki."

Selina ta faɗa masa tana dariya, wai mutanen nan har itace ma sai da izini. Yunana bai yi dariya ba, don ya taɓa jin haka. Ya ce zai tumɓuke su ran Lahadi. Lahadi ta zo, ya dubi wuyan matarsa da tulu ya kusa karyawa saboda itatuwan nan, ya ce sai wata Lahadin.

A Lahadi ta uku Bawa da kansa ya zo. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Can ya ce a zaga ya ga gona. Ya tsaya gaban dashen, hannu a baya, ya daɗe.

"Sun kama," ya ce.

"Sun kama, Baba."

"Awo. Sun kama ƙwarai. Mangwaro kuwa shina daɗewa. Ni ba ni ganin ƙarshen waɗanga."

Ya yi sallama ya tafi. Duk wanda aka haifa a Tungar Dada, daga nan ɗakin fartanya zai wuce kai tsaye, don dattijo ya gama magana, kunya ce kawai ta hana shi cewa baƙonsa ya cire. Yunana ya ji maganar sarai, sai dai ya zaɓi rabin da ya yi masa daɗi. Ya shiga gida ya ce wa Selina Baba ya yaba.

Da kaka ya kai daminsa, har ya ƙara guda. Hankalinsa ya kwanta.

'Yan awo sun zo wata Laraba da hantsi, yana can Mafara fuskarsa cikin gilashin walda. An ce za a karɓi gonakin yankin, a baje su, a ja musu ruwa, sannan a mayar wa kowa da rabonsa gwargwadon abin da aka rubuta masa. Bawa yana ɗaya gonarsa ta bakin gulbi yana jiran a zo kansa. A gonar bayan kango Selina suka tarar, da tulu. Akawun da ke riƙe da littafi ya tambaye ta itatuwan nan na wa ne. Ta ce nasu ne, ita ta dasa da hannunta. Sunan mijinta fa? Ta faɗa, har ta ƙara da cewa ai ma'aikacinku ne, a gareji yake. Gaskiya ta faɗa tsantsa, ba wanda ya tambaye ta gona. Akawu ya rubuta ya wuce, rana na dukansa, gonaki ɗari na gabansa.

Katafila ta zo bayan wata biyu. Mangwaron da aka yi rani ana shayarwa, ko minti biyar ba su ɗauka ba. Selina ta yi kuka, Yunana ya lallashe ta, a ransa kuwa har da ɗan sauƙi, wai abin da ya kasa yi an yi masa, magana ta mutu. Damina biyu ba wanda ya yi shuka a wurin. Mutane suka ci abin da ke rumbu, suka sayar da awaki, suka zauna jiran takarda.

Da takardun suka fito, babbar hanyar ruwa ta bi ta kan gonar Bawa ta bakin gulbi ta cinye ta, aka ce a jira, za a duba. Ta bayan kango kuwa ta fito fes, an baje ta, ga ruwa har bakinta, da lamba da hatimi. Sunan da ke kai Yunana.

Bai je gareji ba washegari, ofishin rabon gonaki ya nufa. Ya yini a kan benci kafin a kira shi. Ya yi bayani tun daga kango har dami. Akawun, wani ne daban, ya saurare shi yana sakace.

"Wa ya dasa itatuwan?"

"Matata. Amma gonar..."

"To ai ku mutanen ƙauye ku kuke cewa mai itace shi ke da gona. Mu abin da kuka ce muka bi. Littafin ma ya tafi Sakkwato." Ya ɗan rage murya. "In kuma ka ce abin da aka rubuta ƙarya ne, to matarka ta yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarya ke nan, kai kuma ma'aikaci ne. Ka je ka yi tunani. Mutane kuka suke ba su samu ba, kai ka samu kana kuka."

Ya yi tunanin, a kan keke, awa guda cur. Ya tuna ɗakin Mafara da buhunan mutane, ya tuna in aikin ya tafi ba shi da ko ɗakin. Bai koma ofishin ba. Ya tsani kansa ƙwarai, amma bai koma ba.

Ba wanda ya kore su daga tunga, kuma da an kore su da ya fi sauƙi. Gaisuwar nan mai tsawo ta koma "lahiya" guda, a wuce. In Selina ta isa rijiya hira ta ɗauke. Larai ta aiko aka karɓi tukunyarta da ta shekara biyu a gidan. Abin da ake faɗa a bakin masallaci ya iso kunnen Yunana ba a rage komai ba: ɗan kamfani ne, ya san za a yi awo tun kafin kowa ya sani, shi ya sa ya ɗauro itace a keke. Wa zai gaya musu ba haka ba ne? Shi kansa in an ba shi labarin wani, haka zai ce.

Ya yanke shawara ran Lahadi zai kai wa Bawa takardar hannu da hannu. Bai kai ga fita ba ya ji sallama. Bawa ne, da liman, da mai unguwa. Dattijon ya rame, rigar ta yi masa yawa. Yunana ya shimfiɗa tabarma. Liman da mai unguwa suka zauna. Bawa ya ƙi hawa, ya tsuguna a ƙasa daga gefe, ya tuɓe takalmi. Ya yi wa Yunana cikakkiyar gaisuwa, gajiya, iyali, aiki, hanya, bai tsallake ko ɗaya ba.

Yunana ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga ta. Gonarka ce, kowa ya sani. Wallahi kuskure ne. Ka riƙe ta wurinka."

Bawa bai karɓa ba. Ya dubi liman. "Malam, sunan wa ka ciki?"

"Yunana," in ji liman.

"To in na aje ta cikin akwatina, sunan shina sakewa?"

Selina tana bayan zana, Yunana yana jin numfashinta.

"Ni ban zo ƙara ba," Bawa ya ce. "Hukuma ta yi hukunci, ni ban iya da ita. Rumbuna ya ƙare, ga ɗiya, ga jikoki, ga ruwa ya iso gona. Na taho da shaidu don a yi abu bisa hanya, kada bayan raina ɗiyana su yi rigima da ɗiyanka." Ya gyara tsugunno, ya sunkuyar da kai yadda mai roƙo yake yi. "Malam Yunana, aron gona na zo nema. Ta bayan gidanga."

"Baba, don Allah ka tashi. Don Allah."

"In mun yi girbi ina kawo ma dami guda. Liman, mai unguwa, kun ji." Sannan ya ɗago ya dube shi, ba fushi a fuskar, ba komai. "Kuma ka kwantar da hankalinka. Ba ni dasa ma komi ciki."