Gorunan Otha Pettway

Cleon ya ɗaura wa sanda ta uku igiya a bayan motarsa, ya ja. Dogon ƙarfen ya kifo, gorunan da ke rataye a kansa suka bugi ƙasa, biyu suka fashe. Ina tsaye a bakin shingena ina kallo.

"A hankali, ɗan banza!" in ji ubansa, tsoho Otha Pettway, daga baranda, da robar iskar asibiti a hancinsa.

"Baba, na ce maka zan kafa su a bayan gidana. Har fenti zan yi musu."

"Fenti! Ka taɓa ganin tsattsewa ta bi gora? Wuri take bi. Tun daga Brazil suke tasowa, ba sa kuskuren taku goma. Kai kuwa ko hanyar coci sai an nuna maka."

Shekara arba'in da ɗaya tsattsewan nan masu baƙin shuɗi suna sauka a gorunan Otha duk watan Fabrairu, su yi ƙwai, su tafi da 'ya'yansu. Yanzu huhunsa ya gama aiki. Cleon ya sayar wa wani mai kiwon kaji filin, zai tafi da uban nasa garin Demopolis, mil talatin daga nan.

Ni da Otha kuwa shekara tara ko gaisuwa ba ta haɗa mu, tun ranar da ya harbe kyanwata a gindin sandar nan, ya jefo mini gawarta ta saman shinge.

"Vernell," ya kira ni, yana haki. "Sanda ɗaya tak, a filinki. Nan kusa ne, za su gane."

"Dawo mini da kyanwata, sai mu yi magana."

"Ɓarauniya ce! 'Yan tsuntsu goma sha ɗaya ta cinye mini."

"To je ka kafa a kan kabarinta."

Ya tofar da yawu, ni ma na tofar. Washegari suka tafi.

Ranar sha huɗu ga Fabrairu na ji kukan tsuntsu na fari. Kafin mako ya ƙare sun fi talatin. An rushe gidan, an share filin, amma suna ta kewaya daidai inda kowace sanda take a da, su sauko su tsaya cak a iska suna kaɗa fiffike, su sake tashi. Na rufe tagogina.

Ran wata Talata da hantsi sai ga motar Cleon, Otha ne a ciki shi kaɗai. Ashe sato makullin ya yi. Ya tsaya a bakin hanya, ya sauke gilashi. Na fita da kwandon shanya.

"Kin gansu?" ya ce. "Kin ji daɗi?"

"Ba ni na sayar da filin ba."

"Can gari ko ɗaya bai zo ba. Kullum ina zaune ina gadin gora kamar mahaukaci." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya sake shi. "Vernell, ba don ni ba."

"Da ka ce ka yi kuskure sau ɗaya a shekara tara..."

"Ban yi ba. Yau ma in na gan ta, harbe ta zan yi."

"To zauna nan ka ruɓe."

Na shige gida. Na dafa wake, na gasa burodin masara, na ci. Ta taga ina hango hularsa jingine da ƙofar motar. Na ce a raina barci yake, ko taurin kai. Sai wajen ƙarfe uku na zuba ruwa a kofi na fita, don in kore shi. Tukunyar iskar tasa ta ƙare. Idonsa a buɗe, hannunsa ya riga ya yi sanyi.

Bayan an binne shi, Cleon ya tare ni a ƙofar coci.

"Anti Vernell, awa nawa ya yi a ƙofarki?"

"Kai awa nawa ka yi ba ka san ba ya gidanka ba?"

Da yamma ya zo ya juye mini gorunan duka a bakin ƙofa, ya ja mota ya tafi.

Kwana huɗu suna nan ina tsallake su. A na biyar na ɗauki shida, na ɗaure a sandar shanyata, na ɗaga ta iya ƙarfina. Amma tsattsewan sun riga sun fara raguwa, yau goma, gobe uku. Ɗaya ya taɓa sauka ya leƙa, bai shiga ba.

Yau da safe na ga wata gwara, ba tsattsewa ba, a bakin goran da ke can ƙarshe, da doguwar ciyawa a baki, tana ta juya kai tana neman yadda za ta shigar da ita.