Uwa a Altai, Ɗiya a Bakin Volga

Ruwaida na riƙe da bakin shadda, Gwaggo Mariama na yankawa, sai waya ta yi ƙara. Najla ce, shugabarta a ɗakin bincike na Lyon. Ruwaida ta saki yadin ta fita ƙofar shago, cikin hayaniyar unguwar Château Rouge.

Da ta dawo, Gwaggo ta ajiye almakashi.

"Lafiya, ɗiyata?"

"Gwaggo, haƙorin ya yi magana."

Shekara da shekaru Ruwaida tana niƙa tsofaffin haƙora daga kaburburan makiyayan Turkawa, tana neman ƙwayoyin gado, don gane yadda suka yi ƙaura daga gabas zuwa yamma. Yawancin haƙoran sun ruɓe. Kuɗin karatunta zai ƙare a bazara, har ta fara tambayar tikitin komawa Maraɗi.

Ta buɗe taswira a waya ta ɗora kan atamfofi. "Kin ga nan, duwatsun Altai. An binne wata mata da linzamin dokinta, fiye da shekara dubu. Nan kuma bakin kogin Volga, wata matar. Gwaggo, ɗiyarta ce. Jininsu ya nuna."

"Nisan ya kai daga Maraɗi zuwa Yamai?"

Ruwaida ta fashe da dariya. "Ya fi daga Maraɗi zuwa birnin Alje. Kowa na cewa ƙaurar a hankali aka yi ta, kaka da jikoki. Ga mace guda ta ƙetare da ƙafarta. Najla ta ce in zo yau, za su nemi a ƙara mini shekara."

Tana magana tana cusa kaya a jaka, takalmi ɗaya a ƙafa. Gwaggo ta naɗe mata kilishi a takarda, ta rako ta har bakin tashar jirgin metro, tana gaya wa mai sayar da masara cewa ɗiyar ƙanenta ta gano 'yan'uwan da suka ɓata.

A saman matakala Gwaggo ta riƙo hannunta.

"Ita ɗiyar, an binne ta da kyau?"

"Da 'yan kunne da madubi. An ji da ita."

Gwaggo ta saki hannunta. Kullum wasiyyarta ɗaya ce, a kai gawarta gida.

"To. In tawa ta zo, kar ku wahala da jirgi," ta ce. "Wuce, kar na Lyon ya tafi ya bar ki."