Sharaɗin Kwamiti

Ni da mijina a layin ƙarin jini muka haɗu, dukanmu masu sikila. Ɗanmu na fari ya gaji ciwon, ya rasu kafin ya shiga makaranta. Tun daga nan ban ƙara kuka ba. Ba haƙuri na yi ba, hawayen ne suka daina zuwa.

Likitarmu ta ce akwai hanya: a haɗa ƙwaina da na mijina a ɗakin gwaji, a gyara ƙwayar halittar da ke kawo ciwon, sannan a dasa mini. Sai dai gyaran ba ya tsayawa kan jariri, yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, don haka sai kwamitin likitoci ya yarda.

Ɗakin kwamitin sanyi kamar firiji, ga shi sanyi ne abokin gabarmu, amma ba wanda ya tuna ya kashe na'urar sanyaya ɗakin. Shugaban ya daɗe yana goge tabarau, kai ka ce shi ne aikin da ya tara mu.

"Ba mu san abin da gyaran nan zai zama a jikin jikoki ba," in ji shi. "Mun amince, amma da sharaɗi. Abin da za ki haifa, shi ba zai haihu ba. A cikin gyaran za a rufe wannan ƙofar."

Mijina ya zuba wa takalminsa ido. Ni kuwa na ce, "To." Ban ji komai a raina ba.

Mace na haifa. Idonta fari tas, ba ta san allurar kashe zafi ba, tana gudu cikin ruwan sama ba mai yi mata tsawa. Guguwa muke kiranta, kuma ta ci sunan. Mahaifiyata ba ta san da sharaɗin ba. Jiya ta zo mata da 'yar tsana.

Ina wanke-wanke Guguwa ta shigo da tsohon ɗankwalina, ta juyo mini da baya ta sunkuya.

"Mama, goya min ita. Ki ɗaure sosai, kar ta faɗi."

Na share hannuna, na ɗora mata 'yar tsanar, na zagayo da ɗankwalin ta ƙarƙashin hammatarta.

"In na girma da yawa zan haifa," ta ce. "Zan ba ki ɗaya ki riƙe."

Na ja ƙullin sosai yadda ta ce. Na ce, "To."