Motar Walƙiya Ta Ƙi Tashi

Karo na huɗu ke nan da jar motar ta shigo garejin Baba cikin sati biyu, kuma kamar kullum sai da mai ita ya taka totur sau uku a bakin ƙofa kafin ya kashe ta, don kada wani a layin ya rasa labarin isowarsa. Auta tana zaune a teburin kusurwa da kwamfutar gwajin motoci a gabanta. Ba ta ɗaga kai ba. Ta san ƙarar salansar mijin yayarta kamar yadda ta san tarin Baba.

Walƙiya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Ya sa an rubuta shi a gilashin baya, da jikin hular kwanonsa, da igiyar makullinsa. Auta ta taɓa raya wa a ranta cewa da yara suna da gilashin baya, da 'ya'yan yayarta ma ba su tsira ba.

Motar ta tsere ce, mai giyar hannu, tana da wani tsari da ake kira tashin tsere. Direba zai tsaya cak, ya danne kuloci har ƙasa, ya sa giya ta ɗaya, ya take totur zuwa ƙarshe. Maimakon injin ya yi ta ihu har allura ta shiga ja, sai kwamfutar motar ta riƙe shi a juyi dubu huɗu, wata 'yar tuta ta kunnu a allon gaban direba. Da ya saki kuloci motar za ta fita kamar an harba ta, ba tare da tayoyi sun tsaya murza a wuri ɗaya ba. Saboda wannan tutar Walƙiya ya sayi motar. Tun da Baba ya canza masa faifan kuloci kuwa, tutar ta daina zuwa.

Wato ta daina zuwa a hannunsa. Sau uku Auta tana fita da motar filin simintin tsohuwar masana'antar da ke bayan gareji, sau uku tutar tana kunnuwa da taka ɗaya. A mayar masa da mota, kafin la'asar ya bugo waya yana huci.

Abin da ya fi cin ran Auta shi ne inda maganar ta kai. Walƙiya ya gaya wa abokan tserensa cewa surukinsa ya tsufa, hannunsa yana rawa, ya lalata masa mota kuma yana ɓoyewa. Magana ta zaga ta dawo gida. Yayarta ta zo ta zauna tana lallashin Baba wai ya huta haka nan, shekara arba'in da biyu a ƙarƙashin mota ai sun isa. Hannun nasa kuwa yana ɗan rawa, gaskiya ne, amma da kofin shayi. Bai taɓa rawa da sufana ba. A safiyar nan Baba ya goge sufanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a akwati, ya rufe. Ya ce da Auta in aka gano laifin daga aikinsa ne, yau zai miƙa mata makullin gareji ya koma gida. Ba ya faɗin abu sau biyu.

Walƙiya ya fito daga mota da abokinsa mai tabarau, wanda ba ya zuwa ko'ina sai da waya a ɗage tana ɗaukar hoto. Ya gaishe da Baba a tsaitsaye, ya shiga bayani. Ya kwana biyu yana bincike a intanet, kuma ya gano komai. Ko dai faifan ba na asali ba ne, ko an tsinke waya wajen sauke giya, ko an rikita kwamfutar motar. Kowane zato ya faɗa, ƙarshensa hannun Baba yake nunawa. Ranar Asabar akwai tsere, in ji shi, kuma ba zai je a yi masa dariya ba.

Baba ya ɗauko faffaɗar takarda daga kan tarin takardu, ya nufi ƙofar direba.

"Baba, don Allah a bar ta haka," in ji Walƙiya. "Duk lokacin da aka taɓa ta sai an ƙara wani abu."

Baba ya tsaya da takardar a hannu. Auta ba ta iya musu da mutane ba, tun tana jami'a in aka ɗaga murya sai harshenta ya ɗaure. Ta naɗe wayar gwaji, ta ɗauki kwamfutar, ta ce a hankali tana so yau shi ya tuƙa, ita kuma ta duba.

"To, malamar kwamfuta," ya ce yana dariya. "Shigo ki ga yadda ake tuƙi."

Suka fita fili. Mai tabarau ya tsaya gefe da wayarsa, Baba ya biyo su a ƙafa. Auta ta jona wayar gwajin a ƙasan sitiyari, ta zauna kujerar gefe da kwamfutar a cinya. Motar ba ta yarda da tashin tsere sai sharuɗɗanta sun cika, don haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inji ya ɗauki zafi. Sitiyari a miƙe yake. Mota a tsaye, giya ta ɗaya. Saura kuloci, wanda yake da makunni biyu: na sama yana shaida an fara takawa, na ƙasa yana shaida an kai ƙarshe.

Walƙiya ya taka. Injin ya kurma ihu har allura ta shiga ja, tsuntsaye suka watse daga rufin masana'anta. Babu tuta. A kwamfuta, makunnin sama ya amsa, na ƙasa shiru.

Ta ce ya danne kulocin har ƙasa. Ya juyo ya dube ta ta saman gilashinsa, ya sanar da ita cewa yana tuƙi tun tana rarrafe, kuma ƙafarsa tana ƙasa, in ba so take ya fasa motar ya taka siminti ba. Ya sake gwadawa sau biyu. Warin roba ya cika motar.

Suka yi musayar kujera. Auta ta jawo kujerar gaba, ta danne kuloci da duk ƙarfinta, ta dubi kwamfutar. Makunnin ƙasa bai amsa ba.

Ashe ba shi ba ne. Ashe da gaske akwai abin da ya lalace, kuma a kuloci, inda Baba ya yi aiki. Walƙiya ya leƙa fuskarta ya gane, ya ƙwala wa abokinsa kira ya matso ya ɗauka da kyau. Ta gilashin gaba ta hango Baba tsaye cikin rana, kafaɗunsa sun sauka, takardar nan har yanzu tana hannunsa, iska tana kaɗa ta.

Ta daɗe tana kallon takardar. Tun kafin a haife ta Baba ba ya barin ƙafar bakanike ta taka shimfiɗar mai mota. Mota ta shigo, abu na farko sai ya zare kafet ɗin direba ya rataye, ya shimfiɗa takarda. An gama aiki, abu na ƙarshe sai ya kakkaɓe shi ya mayar. Ya yi haka sau dubbai, har babu mai ganin yana yi. Sau ukun da ta gwada motar, takarda ce take ƙara a ƙarƙashin takalminta. Yau babu ƙara. Ƙafarta a kan wani abu mai laushi take, kamar katifa.

Ta kashe injin, ta fito, ta durƙusa. Baƙin kafet ne mai kaurin yatsu biyu, an ɗora shi a kan na kamfani, an yi masa aikin zare ruwan zinariya da manyan baƙaƙe: WALƘIYA. Ta tuna ranar da ya zo karɓar mota da shi a hammata, yana cewa sabon kuloci sai da sabuwar shimfiɗa. A saman harafin farko akwai rami mai zurfi, inda bayan kulocin ya yi sati biyu yana nutsewa.

Ta zare shi ta jingina da taya. Ta koma ciki, ta tayar, ta danne kuloci. Makunnin ƙasa ya amsa. Ta take totur, allura ta hau dubu huɗu ta tsaya cak kamar an ɗaure ta, 'yar tutar ta kunnu.

"Ga tutarka, Yaya," ta ce.

Walƙiya ya dubi tutar, ya dubi kafet ɗin. Da farko ya ce ba zai yiwu ba, domin na musamman ne, an auna. Daga baya ya ce da ma shi tun farko ya yi zargin kafet ɗin, bai dai faɗa ba ne. Mai tabarau yana ta dariya har wayar tana girgiza, amma bai sauke ta ba. Ya matsa ya ɗauki ramin kusa-kusa.

Don a rufe maganar, Walƙiya ya ce a ba shi wuri. Ya zauna, ya gyara gilashi, ya taka. Tuta ta zo. Sai dai ƙarar injin da ke riƙe a dubu huɗu ta ba shi tsoro, ya ɗaga ƙafa daga totur a daidai lokacin da ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle ɗaya kamar ɗan akuya, ta mutu. Ya leƙo ya tambayi Auta me kwamfutar ta nuna yanzu. Ta ce wannan ba ya fitowa a kwamfuta.

Baba ya ƙaraso. Ya ɗauki kafet ɗin, ya kakkaɓe shi kamar yadda ya saba, amma bai mayar ba. Ya miƙa shi ta taga, ya ɗora wa surukinsa a cinya.

"Ɗana, waɗanda ka gaya wa hannuna yana rawa, ka koma ka gaya musu wannan ma."

"Ai sun riga sun gani, Baba," in ji mai tabarau, yana danna waya. "Na tura."

Auta ta naɗe wayar gwaji ta bi bayan Baba zuwa gareji. Da suka shiga ya buɗe akwatin, ya zaro sufana mai lamba goma sha uku ya soke a aljihun baya, ya tambaye ta wace mota ce a layi. Ta nuna masa wata tsohuwar farar mota mai kukan birki. Ya buɗe ƙofar direba, ya zare kafet ɗin ya rataye, ya shimfiɗa takardar da ke hannunsa tun ɗazu.