Jinin Dinya a Kwanon Na'iya

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta turo wani Bature ɗan ƙasar Suwidin ya haƙa rijiyoyi daga Tambuwal zuwa Kebbe. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka bar shi a Mai Rijiya.

Da kaka ta yi, kewar gida ta kama shi. Ya gaya wa akawunsa, Abdulhamidu, cewa a garinsu idan an gama girbi akan yanka dinya mai ƙiba, a gasa ta da tuffa, amma kafin nama sai an sha baƙar miyar da ake yi da jininta. Yana son mahaucin da zai yanka, ya tare jinin.

Abdulhamidu ya sa aka kamo dinya daga fadamar Kebbe, sannan ya kira wani mahauci, Na'iya. A lokacin Sarkin Fawa ya rasu, kowa kuma ya san Na'iya za a naɗa, sai fa Atu, ƙanin matar akawu, wanda yake ganin rawanin zai fi yi masa kyau.

"Malam, jini ƙasa shika zuwa," in ji Na'iya. "Haka munka iske."

"Haba Baba Na'iya, wa ya ce ka sha? Riƙe kwano kawai za ka yi. Ko in ce ma Bature sarkin gobe na tsoron tsuntsuwa?"

Na'iya ya yi bisimilla ya yanka. Ya tara jinin, ya zuba ruwan tsami yana juyawa da cokali don kada ya daskare, kamar yadda aka nuna masa. Ƙofar baya ta gidan Baturen a buɗe take, akawu ya ce zafi ya yi yawa. Ta nan mata suke bi zuwa rijiya.

Ran kasuwa Na'iya ya yanka sa. Har azahar ƙudaje ne kaɗai suka yi ciniki da shi. Wata tsohuwa, Hinde, wadda ta shekara da shekaru tana sayen tumbi a wurinsa, ta tsaya daga nesa.

"Na'iya, jinin wannan san fa, ina ka zuba shi? Ko ka shanye?"

Ya rantse, ya sake rantsewa. Dattawan mahauta da ke rumfa suka ce a bari a ji ta bakin akawu, tunda shi ne shaida.

Da la'asar sai ga Abdulhamidu ya ratso kasuwa da kwano a hannu, babu murfi. Ya ajiye shi a kan teburin Na'iya, tsakanin cinya da hanta.

"Mai Rijiya na godiya," ya ce da ƙarfi. "Ga rabonka. Ya ce bai taɓa ganin hannun da ya saba da aikin haka ba."

Dattawan suka leƙa kwanon, suka ga baƙar miya, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka kakkaɓe riguna, suka koma rumfar Atu.