Sunan da Ke Kan Takardar Gida

Yayana ne ya sayi gidan, shekarar da ya fara tuƙa babbar mota. Ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida, a ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga sai an naɗe madubi. Don Umma ya saya, amma sunansa aka rubuta a takarda, domin ta ce ita ba ta iya zaryar ofis ba. Bayan shekara huɗu ya tafi kai kaya, aka tsinci motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, shi kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Bara ɓarin jikin Umma na dama ya shanye. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, tafiyar awa biyar, ga yara ga aiki. Na roƙe ta mu sayar da gidan, mu nemi wani kusa da asibitinmu. Sai da na yi wata biyu ina lallashi kafin ta ɗaga kai.

Mai saye bai yi wuya ba. Dillalin da muka samu, mutumin da ke kiran tsagewar bango hanyar iska, ya kawo wani malamin makaranta da matarsa. Suka zaga, suka ƙwanƙwasa ƙofofi, aka daidaita. Sai lauyan malamin ya je ofishin filaye bincike, ya dawo ya kira mu.

Ya zaunar da mu, ya juyo mana takardar mallaka, ya ɗora yatsa kan sunan Yaya. Ya ce a wurin doka gidan na wannan mutumin ne, ba wanda zai sayar sai shi. In kuwa babu shi, sai kotu ta yanke cewa a ɗauka ya rasu, sannan magada su sa hannu. Umma ta dube ni kamar ni na faɗa.

Kotu ta ce sai an fara buga cigiya a jarida, a jira wata uku. Na kai hotonsa, wanda ya ɗauka don lasisin tuƙi. Ni a ganina cika ƙa'ida ce kawai. Ita kuwa Umma sai ta ɗauka nema aka sake farawa. Ta sa na ɗaura mata waya a hannun kujera. Duk wanda ya kira, ko kuskuren lamba ne, sai ta tsare shi da tambaya: daga ina yake kira, wa ya ba shi lambar. Har ƙiba ta ɗan yi a watannin nan. Ni ce na riƙa ramewa, don na san ranar da za su ƙare.

Ranar zaman, na tura kekenta har gaban alƙali. Ya tambaye ta yaushe rabonta da jin ɗanta, ta faɗi rana da wata, har da launin rigar da ya fita da ita. Ya tambaya ko tana da wani dalili na zaton yana raye. Ta daɗe tana kallon hannunta da ya shanye.

"Ranka ya daɗe, ni dai ban ga gawa ba," ta ce. "In kun rubuta, kuma ya dawo fa?"

Alƙalin ya ce in ya dawo, kotu za ta warware hukuncin.

"To, ku rubuta da fensir."

Ba wanda ya yi dariya. Alƙalin ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, sannan ya karanta abin da ya yanke.

Bayan mako uku muka koma wurin lauya. Kwafi huɗu ne na yarjejeniya, kowanne da shaidu biyu. Ni na kama babban yatsanta na hagu, na danna a tawada, na dangwala sau huɗu. Da aka zo kaina, na ga an rubuta magajiya a ƙarƙashin layin, sai da lauyan ya miƙo mini ruwa na sha kafin na sa hannu.

Kafin a ba da makulli, Umma ta nemi a ƙara sharaɗi ɗaya: in wani dogon mutum mai tabo a gira ya zo sallama, a faɗa masa inda muka koma. Lauyan ya ce irin wannan ba ya shiga yarjejeniya. Sai malamin ya zaro littafin aljihunsa, ya durƙusa kusa da kekenta.

"Faɗa mini, Umma, in rubuta. Wace girar ce, dama ko hagu?"

Ta yi wata takwas a wurina. Tana cin abinci, tana wasa da jikoki, amma ba ta sake ambaton Yaya ba, ko a addu'ar da take yi a fili. Da ta rasu, malamin da matarsa suka yi tafiyar awa biyar ɗin suka zo mini gaisuwa.