Bakin Butar Alhaji Maccido

Alhaji Maccido, mai shagon yadi a kasuwar Sakkwato, bai taɓa kiran ɗansa na fari da suna ba. Lawwali ne sunan yaron, amma a bakin Alhaji "wancan" ne. Kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar ana yi a gidansu, batun yabo kuwa ba ya ma tasowa.

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe, soja na riƙe da mulki, kowane gida a unguwar Gawon Nama yana da abin nunawa. Ɗan wane ya shiga kwastan, ɗan wane ya sami kwangilar hanya har ya sayi mota Fijo. Lawwali kuwa gwamnati ta tura shi Ingila, ya dawo da digiri da damin takardu. Da 'yan majalisar ƙofar gida suka tambaye shi abin da ya karanto, sai ya ce ya sa kwamfuta ta lissafa yadda ruwa ke tsinkewa a iska in ya fito daga bakin bututun da ba zagayayye ba. Majalisa ta kwana biyu tana dariya. Mutum ya haye teku don ya kalli ruwan buta!

Alhaji bai fahimci aikin ba, amma ransa cike yake da alfahari, har yakan leƙa takardun in ba kowa. Sai dai bakinsa a ɗinke. Lawwali kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin jin nauyi.

Mode, aminin Alhaji tun ƙuruciya, shi ya same shi a shago.

"Maccido, yaronga shina shirin komawa Ingila. Sabuwar jami'a ta ba shi aiki nan gida, bai amsa ba. Cewa yay yi kunyar aikinai kaka ji."

Alhaji ya hau ninke turmin atamfar da take a ninke.

"To mi zan ce, Mode? Ni in yabi ɗan fari gaban mutane?"

"Ban ce ka yabe shi ba. Bari in sa shi nuna muna abin."

Bayan la'asar, a gaban 'yan majalisar ƙofar gida, Lawwali ya ɗora garwa a kan bango, ya cika ta da ruwa har wani zane da ya yi mata. A gindinta ya ɗaura ɗan bututu mai matsattsen baki wanda ya zo da shi daga Ingila, bakin a toshe. Ya jingina katako a gefe, ya manna masa doguwar takarda mai zanen da kwamfutar ta fitar. Ya yi bayani cewa an ba na'urar siffar bakin bututun da ƙarfin ruwan, ita kuma ta zana hanyar da ruwan zai bi tun ba a zuba shi ba.

Ya zare toshiyar. Ruwan ya fito da faɗi, ya tsuke, ya juya ya sake faɗi ta ɗaya gefen kamar sarƙar wuya, kowace gaɓa daidai da ta takarda. Inda zanen ya watse ya zama ɗigo, nan ruwan ma ya tsinke. Masu dariyar jiya suka matso har suna ture juna. Wani ya tambayi amfaninsa, Lawwali ya ce da irin wannan ake ƙera bakin famfon feshi, maganin albasa a fadama ya sauka kan ganye maimakon iska ta kwashe.

Kowa ya juya ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi ƙasa. Lawwali ya fara ɓare takardarsa a hankali, fuskarsa ta nuna ya gama yanke shawara.

Sai Alhaji ya miƙe ya shiga gida. Ya fito da butar tagullarsa da ya sayo a Makka, wadda ko matansa ba sa taɓawa, da awartaki a ɗaya hannun. Ya miƙa wa Mode.

"Ce ma wancan shi matse bakinta awa na bututunai."

"Butar Makka, Maccido? In an matse ba ta komawa."

"Na sani."

Lawwali ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ya matse bakin da awartakin, idonsa ya cika, bai yarda ya ɗago ba.

Da aka kira magariba Alhaji bai yi alwala a zaure kamar kullum ba. Ya tafi har ƙofar masallaci inda jama'a suka fi yawa, ya tsuguna, ya ɗaga butar sama fiye da yadda alwala ke bukata. Ruwan ya sauko yana murɗawa, har ladan ya tsaya yana kallo, ya tambaya wane maƙeri ne ya yi wannan.

"Lissahin Lawwali na," in ji Mode. "Malamin jami'armu, in Allah ya so."

Lawwali na tsaye a baya, ya gyaɗa kai ya ce ya amsa aikin. Alhaji bai waiwaya ba.

"Kai ka hwaɗi sunan, ba ni ba," ya ce wa Mode, ya ƙara ɗaga butar.